Malmala Takwas a Gidan Inna Delu

Inna Delu mai daddawar 'Yandoto mahaifiyata ce, ko da yake idan ka tsaya jiran ka ji haka daga bakinta, za ka tsufa a tsaye. Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce Bara'atu ba. Ina ƙarama "ke" nake, na girma na zama "waccan", da na samu shiga jami'a kuma aka ƙara mini girma, na koma "'yar Gusau".

A Bilbis aka haife ta, aure ya kawo ta gidan Malam Sama'ila, babana, manomin gero da dawa. Shekara ashirin da uku ke nan tana dafa kalwa, tana surfawa, tana rufewa har ta ruɓa yadda take so. Ranar kasuwar Tsafe, mata sukan bi ƙamshin daddawarta kafin su ga faranti. Mace ce mai ban dariya, ƙannena biyar har kokawa suke yi da ita a tsakar gida. Ni kuwa da na yi sallama sai ta tsuke fuska, ta shiga neman muciyar da ke hannunta. Kowa ya ce kunyar ɗan fari ce, haka iyaye suka taso. Na sani. Sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

A zangon farko, Dakta Ashiru mai koya mana gabatarwar tattalin arziki da zamantakewa ya ba mu aiki. Kowa ya je garinsu, ya shiga gida ashirin da takardar tambayoyi, ya gano baki nawa ke ci a wuyan kowane mai nema. Ya ja kunnenmu: abin da aka faɗa maka shi za ka rubuta, ban da gyara.

Da gidanmu na fara. Inna na tsugune tana mulmula daddawa, na karanto tambaya ta uku kamar wata ma'aikaciyar gwamnati.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗiya biyat Allah ya ba ni."

Ina tsaye a gabanta, da hancina irin nata sak! Na danna biro na rubuta biyar har takardar ta huje, na fita ina haɗiye hawaye.

Bayan mako biyu Dakta ya kira ni ofis, takarduna a baje a tebur. Wata uwa ta ce 'ya'yanta uku, a tambaya ta bakwai kuma huɗu ke zuwa makaranta. Gida goma sha ɗaya haka. Ya ce ko dai a gindin bishiya na zauna na cike abina, ko kuma a 'Yandoto yara daga sama suke faɗowa. Raina ya ɓaci, na ce ai ranka ya daɗe, iyayenmu ba sa ƙidaya ɗan fari, ni kaina ba na cikin takardar gidanmu.

Ya dube ni. Sannan ya ce matan ba su yi ƙarya ba, tambayar ce ba ta san mutanen ba. Ya ba ni mako ɗaya in nemo wadda za su iya amsawa.

A mota, tsakanin Gusau da Tsafe, dabara ta zo mini. Mace na iya ƙin faɗar sunan ɗanta, amma ba ta iya manta rabonsa a tukunya. Na bi gidajen nan ina tambayar rabon mutum nawa ake kwashewa idan tuwo ya nuna, lissafi kuwa ya zauna daram.

Gidanmu na bari a ƙarshe, don na riga na san amsar: Baba, Inna, yara biyar, bakwai. Ni ai a Gusau nake ci. Na sami Inna da la'asar sakaliya ta gama tuƙi, tana kwasar tuwo.

"Inna, malmala nawa kike kwashewa kullum?"

"Takwas."

"Bakwai dai, Inna."

"Ni ka kwasa ko ke? Takwas nic ce."

Ƙanwata Rahama, wadda bakinta ba ya riƙe magana, ta nuna wani kwano mai murfi shuɗi a gefen murhu. Kwanona ne tun ina firamare. Ta ce tun ranar da na tafi Gusau ba a taɓa fashin zuba masa ba, shi ake fara cikawa ma. In magariba ta yi ba a ga mai shi ba, sai a miƙa wa tsohuwar da ke maƙwabtaka.

Inna ta jefe ta da murfin tukunya, ta juya mana baya, ta hau hura wutar da ke ci bal-bal.

Na rubuta takwas. Ba ta juyo ba, ta sa ƙafa ta turo kwanon gabana, ta ce da Rahama:

"Ki ce ma 'yar Gusau ta ci tun da zahi."