Ƙotar Gatari da Ɗorawar Inna

Ni dai in akwai abin da ke saurin ɓata mini rai a duniya, to in ga icce yana cin wuta babu tukunya a kansa. Ko a gidan biki ne sai na tashi na janye shi na yayyafa masa ruwa. Mata su yi ta dariya suna cewa rowar tawa ta kai har ga wutar mutane. Su yi ta yi, ba su san inda na samo halin ba. A garinmu Lafagu na samo shi, shekarar da icce ya nemi ya fi ƙarfin gidanmu.

A gonar maigidana, wajen hanyar fadama, akwai wata ɗorawa da duk gidan muke kira ɗorawar Inna. Inna mahaifiyarsa ce, Allah ya jiƙanta. Lokacin da aka kawo ni gidan ban iya komai ba sai baki, ita ta zaunar da ni ta koya mini daddawa tun daga tushe: yadda ake fitar da kalwa daga cikin garin ɗorawar, a wanke, a dafa ta wuni guda har ta yi laushi, a surfe, a rufe ta a ɗaki ta yi kwanakinta, sannan a kirɓa a dunƙula. In na yi gaggawa sai ta ɗan bugi bayan hannuna da ludayi ta ce, "Ɗiyata, ina za ki ne?" Albarkacin bishiyar nan ban taɓa sayen ɗan dunƙulen kanti na jefa a miya ba. Yara su sha garin a kunu, ɓawon kuma mu jiƙa mu yi daɓen ɗaki da shi, ba ruwanmu da siminti.

Inna ta rasu da kaka. Kafin rani ya raba, icce ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Dajin da ake samo shi duk ya koma gonaki, masu amalanke sai sun yi nisa, in sun dawo kuwa ɗan ƙullin da bai fi a riƙe da hannu ɗaya ba su faɗi kuɗin da za ka riƙe baki. Gas da kananzir ba ma a maganarsu, waɗannan na ma'aikatan garin Bagudo ne. Babu dabarar da ban yi ba. Wake sai na jiƙa shi tun da sassafe na sa masa kanwa. Tuwo na tuƙa da yawa a yi ɗumame. Na bi rugar Fulani na tsinto busasshen kashin shanu, na ƙone kara, na ƙone totuwar masara, na ƙone tsohuwar dangar bayan gida, har wani fasasshen turmi da aka gada na faskara. Duk da haka abin da ya kamata ya tafi ga cefane da sabulu, murhu ke lashe shi.

Wata rana bayan azahar, Malam, haka nake kiran maigidan, ya gama cin abinci ya wanke hannu bai tashi ba. Na san akwai magana.

"Na yi shawara," ya ce. "In an gama roron ɗorawa bana, zan sare ta. Iccenta zai kai mu har bayan kaka."

"Wace ɗorawa?"

"Guda nawa gare mu?"

Na ce, "Haba Malam! Ko shekara Inna ba ta yi a ƙasa ba, za ka sa wa bishiyarta gatari? Ka fara da ni mana, ni ma ai na bushe, zan kama wuta!"

Shi mutum ne mai sanyi, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Ya bari na gama zuba, sannan ya ce, "Na fi ki sanin uwata ce. Amma damina na tahe, kin san yadda icce ka zama in ruwa ya sauka. Ɗanyen tuwo za mu ba ɗiyan ga? Kuma daddawar da kike wa kuka, ita ta fi komi cin icce a gidan ga."

Nan ya kama ni, don gaskiya ce. Na ce ya ba ni lokaci zuwa a gama roro. Ya ce ya ba ni. In na samo abin da za mu riƙa girki da shi wanda ba sai an saya ba, ya bar ta. In ban samo ba, in yi haƙuri.

Da baƙin cikin nan na hau babur ranar kasuwa na tafi Illo wurin Goggo. Goggo ƙanwar babana ce, tana aure a tsallaken iyaka cikin Dandawa, kuma duk kasuwa takan ƙetaro ta sayar da shinkafa da wake. Kuka na je in kai mata, ba wani abu ba. Ina zaune ina ta zayyano mata laifin Malam, tana ta zuba wa mutane abinci, sai idona ya faɗa ƙarƙashin tukunyarta. Babu duwatsun murhu, babu icce ko tsinke. Wata tsohuwar garwa ce kawai, wuta na fitowa ta tsakiyarta tana lasar gindin tukunya.

Na katse maganata na ce, "Goggo, mi kike ƙonawa?"

"Sai yanzu kinka gani? Bakinki ya rufe miki ido. Buntu na, buntun shinkafa. Can wajenmu kowa da shi yaka girki."

Buntu! Abin da ke jibge tsibi-tsibi bayan injin casar shinkafa na garinmu, akuya ma ba ta kallonsa. Da kasuwa ta lafa Goggo ta juye tokar ta nuna mini. An huda garwar daga gefe can ƙasa. Ta tsayar da wani guntun gora a tsakiya, ta zura wani ɗan icce ta hujin gefen har suka haɗu, ta yayyafa wa buntun ruwa kaɗan, ta zuba tana dannawa har ya cika ya yi tauri. Ta zare su duka biyu, sai ga rami tun daga sama har ya ɓulle ta gefe. Ta nan ake cusa ɗan kara mai wuta, iska ta shiga ta ƙasa, buntun ya riƙa ci daga ciki a hankali.

"Kin gane, ko in sake?" ta ce.

"Mi ke da wuya a nan, Goggo?"

"To, Allah ya sa," ta ce, tana dariya.

Washegari na kai wa maƙeri wata garwa ya huda mini. Mai injin casa da na tambaye shi buntu sai da ya dube ni sau biyu, ya ce in kwashe duka in ina iyawa, na rage masa aiki. Na ɗauko buhu guda a ka. Gora ce ba ni da ita, to amma wace mace za ta tsaya neman gora ga taɓarya jingine a bakin madafa? Na kafa taɓarya a tsakiya, na zura muciya ta gefe, na danna buntu, na zare, na sa wuta.

Wayyo! Hayaƙin da ya tashi a gidan nan har kaji sai da suka fice. Ramin ya rufta, wuta ta shaƙe, ni ina ta fifita ina tari, hawaye shaɓe-shaɓe. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maƙwabciya, turaren mi anka samo muna daga Illo?" Ranar da rana tsaka na koma na sayi icce, raina kamar ya fita.

Na ce ruwa ne ya yi yawa, na rage. Ya rufta. Na ce ya yi kaɗan, na ƙara. Ya rufta. Na cuɗa shi da 'yar laka, ya ƙi kamawa sam. Na kira Goggo a waya, layin tsallake kuwa sai an dace, abin da na iya ji kawai shi ne, "Danna shi da kyau, raguwa!" Na danna har kafaɗuna suka yi tsami. Yara suka fara tambaya tun da safe ko yau ma tuwon hayaƙi za a ci. Malam bai taɓa ce mini uffan ba, ya ci abin da ya samu ya yi hamdala, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Ana haka ɗorawa ta nuna. Muka roro ta tas, na fitar da kalwa na wanke na shanya, ga ta cikin kwarya tana jiran wutar da ba ni da ita. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Ranar nan na ga Malam ya dawo daga maƙera da gatarinsa an wasa shi yana ƙyalli. Ya ce gobe ƙanensa zai zo su tafi gona. Na juya na shige madafa.

Da gari ya waye na fito tsakar gida da garwata. Na san ba za ta yi ba, taurin kai ne kawai, ina so ya fita ya bar ni ina yi. Ya fito da gatari a kafaɗa yana jiran ƙanen nasa, ya tsaya a kaina. Na cika, na danna, na kama taɓarya na zare. Gefen ramin ya zube kamar kullum.

"Sake in gani," ya ce.

"Kallo ka samu? Ka tafi ka yi abin da ka yi niyya!"

"Ke dai sake."

Na sake, ina huci. Da na zo zarewa ya durƙusa ya kafa ido. Ya ce, "Tsaya. Ba buntun ba na. Dubi taɓaryarki, ƙugunta siriri, kanta ƙato. In kin jawo ta, kan nan na ƙasa shi ka kwaso bangon ramin duka."

Na dubi taɓaryar da na yi shekaru ina daka da ita kamar ban taɓa ganinta ba. Gorar Goggo santal take daga sama har ƙasa. Na tashi da gudu neman miƙaƙƙen icce. Na duba bayan ɗaki, na duba ƙarƙashin rumbu, na duba garken awaki. Ina! Duk wani abu mai kama da sanda a gidan nan na riga na ƙone shi da hannuna. Na dawo na tsaya hannu rabbana.

Malam ya daɗe yana kallon garwar. Can ya sauke gatarin daga kafaɗa, ya juya shi, ya buga ƙeyar ƙotar a kan dutsen niƙa. Ya sake bugawa, ruwan gatarin ya faɗo ƙasa. Ya miƙo mini ƙotar.

"Ungo, gwada da wagga. Ki sa siririn wajen ƙasa."

Na kafa ta, na cika, na danna, na murɗa ta a hankali na jawo. Ta fito sumul. Ramin ya tsaya kyam, har ina hango haske ta ƙasa. Na cusa kara mai wuta. Ya ɗan yi hayaƙi, sannan na ji wani ɗan gurnani daga ciki, wuta ta miƙe ta tsakiya. Na ɗora tukunyar kalwa ina bisimilla.

Ƙanensa ya yi sallama da nasa gatarin. Malam ya ce masa ya je, yau akwai abin da yake jira ya gani. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya wuni nan, sallah kawai ke tayar da shi. Da wutar ta cinye na juye tokar da tsumma na sake cikawa, ya riƙe mini ƙotar ina dannawa. Kafin magariba na ɗebo kalwa na murza tsakanin yatsu, ta saluɓe. Na kai masa a tafin hannu. Ya murza shi ma, ya ce, "To, ƙota ta zama taki."

Daminar nan icce sai na ɗan kunna wuta muka nema. Na tara buntu a buhuna cikin ɗakin Inna inda ruwa ba ya taɓa shi. Maƙwabciyar da ta yi mini tsiyar turare ita ta fara aiko a ara mata ƙota, na ce sai ta zo da kanta ta roƙa, ta kuwa zo. Yanzu mai injin har ya fara cewa zai sa wa buntu kuɗi, muka ce ya gwada ya gani. Ɗorawa tana nan, bana ma ta yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa. Ruwan gatarin yana ƙarƙashin rumbu ya yi tsatsa, in Malam na son sara sai ya aro na ƙanensa.

Amma ranar da na fi riƙewa a rai ita ce ranar da daddawar farko ta yi. Na kaɗa miyar kuka da ita a kan garwar, ƙamshi ya cika gida. Malam ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya zo zai wuce madafa sai ya tsaya cak. Ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Kamar Inna na ciki," ya ce a hankali.

Tun rasuwarta ban ji ya ambace ta da irin wannan murya ba. Kewarta ta taso mini gaba ɗaya, ga daɗi ga ciwo, hawaye suka zubo ban shirya ba. Na juya baya na kama goge ido da bakin zane.

"Mi ya faru kuma?" ya ce.

"Hayaƙi ne."

"Wane hayaƙi? Ba ke kika bi gari kina cewa murhunki ba ya hayaƙi ba?"

Na ɗaga ludayi zan jefe shi, sai na ga shi ma yana goge nasa idon da hannun riga.