Dokin Azurfar da Ya Cinye Karatuna

Wata Asabar ce, saura sati biyu Babbar Sallah, shekarar da na ci jarrabawar shiga sakandare. Baba ya ce in wanke ƙafa in sa silifas, za mu Zongo Lane sayen akwatin ƙarfe da yadin kaki na makaranta. Muka hau turoturo, wato motar haya, daga unguwarmu Nima, kuɗin na ƙulle a aljihun 'yar cikinsa, ni kuwa har na fara hango sunana da farin fenti a jikin akwatin. Ba mu kai wurin masu akwati ba. Tsayawa muka yi gaida Malam Garba maƙerin azurfa, daga nan komai ya lalace.

Baba tela ne, mutum mai sanyi, ba ya shan taba, ba ya caca. Cutarsa ɗaya, tara tsofaffin kuɗi. Yana da gwangwanin madara ƙarƙashin keken ɗinki, cike da anini mai huda da kwabon zamanin Turawa da wasu da ba a san ƙasarsu ba. Ran Lahadi ya baje su kan buzu yana kallo, matan gidan hayarmu na ce masa Alhaji Banki. Malam Garba ya san da haka, shi ya sa bai narka abin da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa daga Tema ba. Tsabar azurfa ce guda biyu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wai kuɗin Girkawa ne tun kafin Annabi Isa. Ɗaya na da hoton mujiya, idanunta tar-tar, amma an sare ta da kurfi har tsakiya. Malam Garba ya ce haka mutanen wancan zamanin ke yi, su ga ko azurfar ta kai ciki. Ɗayan doki ne mai fukafukai, ba sara a jikinsa, sai dai bugun hoton ya karkace, rabin kansa ya fita waje.

Tun hantsi har aka kira azahar Baba na juya su a tafin hannu, ya kai wannan hasken ƙofa, ya dawo ya ɗauki wancan. Mujiyar yake so, kowa ya gani. Amma ya san Mma, mahaifiyata, ba za ta kwana ɗaki ɗaya da mujiya ba, ko ta azurfa ce. A gidanmu in mujiya ta yi kuka kan kwanon rufi, barkono mata ke watsawa a wuta. Can ya juyo ya ce, “Iddi, wanne ya fi?” Na ce, “Akwatina, Baba.” Suka yi dariya su biyu, Baba ya zaɓi dokin, ya biya da kuɗin makarantata kaf. A hanya yana ta gaya mini wannan har jami'a zai kai ni, a dai sami Baturen da ya san darajarsa bayan Sallah.

Mma waakye take sayarwa a bakin titi, wato dafaffiyar shinkafa da wake. Ni ke bin layin famfo da asuba, ni ke ɗaukar tukunyar, sai na gama nake samun buga ƙwallon safa a bakin babban kwalbati. Da ta ji labari ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, “Allah ya sa doki ya iya karatu.” To, al'adar gidanmu, ranar jajibiri duk wani ƙarfe sai ya sha toka da yashi da lemun tsami: faranti, buta, awarwaro, har mariƙin ƙofa. Baba na shago yana fama da ɗinkin Sallah, ta jawo gwangwanin. Ta ce abin da ya ci kuɗin makarantar ɗanta ai bai kamata ya zauna da dauɗa ba. Ta ciro dokin ta dirje shi iya ƙarfinta har ya yi fari fat, fukafukan suka shafe. Bayan Sallah Baba ya kai shi wani shago a Adabraka da ke sayar wa Turawa kayan tarihi. Mai shagon ya duba ya ce baƙin nan da zanen su ake saye, yanzu sai dai ya biya nauyin azurfa. Baba ya mayar da abinsa aljihu.

Aka buɗe makaranta ba ni. Ina tsaye na ga abokaina ana ɗora akwatunansu kan mota, ni aka kai ni Kokomlemle koyon gyaran mota. Yau motocin wasunsu nake kwanciya a ƙarƙashi. Baba da Mma ba su ƙara tada zancen ba har suka bar duniya. Ranar rabon gado 'yan'uwana suka ɗauki keken, suka turo mini gwangwanin, wai ai dokina ne a ciki. Iyayena sun gudu wa mujiya don kada ta kawo tsiya, doki ya kawo ta a guje.

Yanzu Nima ta cika da benaye, ba mai wanke faranti da toka, layin famfonmu ma ya zama shagon waya. Kwanan baya 'yata ta ga irin kuɗin dokin nan a wayarta, ta buɗe baki za ta faɗa mini nawa ake sayensa, na ce ta rufe shi. Wani lokaci nakan so in sake jin ƙarar keken Baba da ƙamshin lemun tsamin jajibiri, sai in buɗe gwangwanin. Dokin na nan, har yau yana ƙyalli. Mma ta iya wanki.