Shanun da Ba Su da Ƙaho

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na ja matata cikin garken shanun Turawa saboda taurin kai.

A lokacin muna zaune a Doha, unguwar Mu'aither, ina karatun digiri na uku. Da korona ta shigo, ni ta tsallake ni, ita ta kwantar. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ciwon ya bar mata rauni a ƙirji. Bene ɗaya za ta hau sai ta dafa bango tana haki. Likita ya ba ta abin shaƙa irin na masu asma, ya ce kada ta rabu da shi, kuma ta riƙa tattaki kullum a hankali, ban da gudu. To, tattaki a Doha sai wanda ya yi. Ku jira rana ta yi sanyi, ku zaga layi tsakanin katangu da motoci, iska kamar ta bakin murhu. In mun dawo sai ta ɗauki waya tana kallon ƙauyukan Ingila, ko'ina kore shar, ga 'yar hanya ta bi gefen rafi. Ta ce, "Malam, da a nan nake tattakin nan, da tuni na warke." Ni kuwa da yake faɗa ba wuya, na ce in Allah ya yarda zan kai ta.

Alkawari kaya ne. Da gasar kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta zo Doha aka ba mu hutu da wuri, gari ya cika maƙil, sai na ga babu lokacin da ya fi wannan. Wani abokina direba da ke zaune a unguwar Najma ya kai mu filin jirgi yana mini tsiya. Ya ce, "Duniya na shigowa, kai kana fita. Yalla, ku je, ka kula mana da Madam."

Muka sauka wajen yayanta da ke aiki a wani gari a arewacin Ingila. Kwana uku da zuwanmu na zaɓo mana hanya a waya, an rubuta mai sauƙi ce, ba hawa ba gangara, har yara na binta. Yaya ya sauke mu a bakin hanyar da hantsi, a kan zai je wani uzuri ya tarye mu a ɗaya ƙarshen. Har ya ta da mota sai ya leƙo ya ce, "Jakarta da kuka bari a mota fa?" Jakar na da nauyi, ta cusa fulas ɗin shayi a ciki, kuma na san ni zan ƙare da rataya ta. Na ce ya bar ta, ai yanzu za mu fito. Abin shaƙar yana cikin jakar. Daga ni har ita babu wanda ya tuna.

Farkon tafiyar ba a magana. Sanyi na cizon kunne, amma fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Wani abin mamaki a ƙasar, hanyar ƙafa kan ratsa tsakiyar gonar mutum, kuma kowa na da damar wucewa, iyaka ka rufe ƙyaure in ka shige. Mun wuce ƙyaure biyu lafiya. A na uku muka tarar da wata tsohuwar Baturiya riƙe da igiyar karenta. Ina ganin karen na tattare rigata na matsa gefe, don ina da alwala. Ta lura, ta janye shi. Sannan ta nuna filin da ke gabanmu ta ce, "Akwai shanu da maruƙa a ciki, ba su daɗe da haihuwa ba. Ni ta bayan katanga zan zagaya. Ku ma ina ba ku shawara ku zagaya."

Na leƙa na ga shanun, dariya ta kusa kuɓuce mini. Ni da kowane hutun makaranta a garken kakana nake yinsa, cikin bijimai masu tozo da ƙaho kamu guda? Waɗannan jajaye ne, gajeru, ko ƙaho babu. Na yi wa tsohuwar godiya, na ce cikin shanu na tashi.

Matata ta riƙo hannuna ta ce, "Malam, mu bi maganar tsohuwar nan."

Na ce, "Zagayen zai ƙara miki tafiya, ki tuna ƙirjinki." Haka na faɗa, amma yau zan faɗi gaskiya: ba ƙirjinta na duba ba. Ban so a ce mai yawo da kare ce ta koya mini shanu ba.

Muka shiga, na ja ƙyaure na rufe. Shanun na tsaye a kan hanyar daidai tsakiyar filin. A gida in ka tarar da garke a hanya ratsawa kake yi, kana dafa bayan wannan kana ture wancan, haka na nufe su kai tsaye ina janye da matata. Abin da ban gani ba, akwai ɗan maraƙi kwance cikin ciyawa a damanmu, uwarsa kuma tana hagunmu. Mun shiga tsakaninsu.

Saniyar ta sunkuyar da kai ta yi huci, ta fara tonon ƙasa da ƙafar gaba. Kafin in yi wani tunani sauran sun ɗago, suka taho suka yi mana rabin zobe. Na ɗaga hannu na daka musu tsawa irin tamu. Suka ɗan tsaya, suka ƙara matsowa. Sai lokacin na gane shanun gida ba ni suke jin tsoro ba, sandar makiyayinsu suka sani, da muryar da suke ji tun suna maruƙa. A nan ba makiyayi, ba sanda, kuma ba sai da ƙaho saniya ke take mutum ba.

Sai na ji wani sauti a gefena da na sani sarai, ƙirjin matata ya fara shaƙewa yana fito. Ta ce da ƙyar, "Malam, ba zan iya gudu ba." Na waiga, ƙyauren ya yi nisa. Na laluba kafaɗata neman jaka, babu. Wallahi tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba. Na sha gabanta ina maimaita hasbunallahu wa ni'imal wakil, hucin saniyar na dukan hannuna.

Muryar tsohuwar ce ta zo daga bayanmu, a natse. Ashe ba ta tafi ba, ta tsaya tana kallonmu ta kan katanga, ta ga abin da ya faru ta shigo. Ta ce, "Kada ku gudu, kada ku juya musu baya. Ku ja da baya a hankali, ku nufi katangar hagu." Sannan ta sunkuya ta kwance wa karen igiya. Ya fita a guje yana haushi ya yi can ƙarshen filin, shanun suka juya suka rufa masa baya, ƙasa na girgiza.

Ban san yadda na ɗaga matata na tsallakar da ita katangar duwatsun nan ba. Ta zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa, leɓenta ya sauya launi, numfashi na shiga da ƙyar. Na kira Yaya, tsohuwar ta karɓi wayar ta kwatanta masa hanyar motar gona mafi kusa. Ta durƙusa cikin taɓo ta riƙe hannun matata tana ce mata ta ja a hankali, ta saki a hankali. Ni da na kawo ta ina tsaye ba abin da na iya. Ina nan tsaye karen ya kutso ta wata kafa, duk jikinsa laka, yana ɗan ɗingishi. Ya zo ya lashi hannuna, ban janye ba.

Yaya ya iso da jakar a guje. Ta shaƙa sau biyu, a hankali numfashin ya daidaita. Ya yi mini wani irin kallo sau ɗaya, gara ma da ya zage ni. Ita kuwa ba ta ɗaga maganar ba har muka bar ƙasar, kuma shirun nan ya fi mini komai ciwo.

Sai da muka sauka Doha, abokina direba ya ɗauko mu yana tambayar ya Ingila, sannan ta yi magana daga kujerar baya. Ta ce, "Lafiya lau. Malam dai ya je gaida shanun da ba su san kakansa ba." Ya yi ta dariya bai san dawan garin ba. Ni ban yi ba.

Na koyi cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma sanin da ka taso da shi a gida yana iya zama shi ne makantar. In ɗan gari ya ce ka zagaya, ka zagaya, ko da tsohuwa ce mai jan kare. In kuma za ka gwada jarumta, ka gwada da ranka, ba da na wanda ya yarda da kai ya biyo ka ba. Ƙirjinta ya yi sauƙi sosai yanzu, ta ce ba ta ma buƙatar abin shaƙar. Amma har yau duk inda za mu, ko masallacin Juma'a ne, yana cikin aljihuna.