Kwano na huɗu

Muna cikin yayyafa wa jaruminmu zoɓo a riga, wai jini, sai ga Kawu Sale ya faka bas ɗinsa mai zuwa Gwaram. Gajeren fim muke ɗauka da waya a Birnin Kudu, kan bangar siyasa.

Ya ja ni gefe, ya kunna min wani tsohon fim ɗin talabijin a wayarsa, hoton duk ya dusashe. An kashe saurayi ranar zaɓe, amma ba a nuna gawa ba. Uwarsa aka nuna ta kwashe tuwo kwano huɗu kamar kullum, ta tsaya tana kallon na huɗun.

Na ce, "Kawu, ina jinin?"

Ya ce, "Jini ai mun saba gani. Kwanon nan ne ya sa na ajiye gora, na kama tuƙi."

Wallahi ban taɓa sanin Kawu ya yi banga ba.

Zoɓon dai shanye abinmu muka yi. Gobe Inna za ta ara mana kwanukanta. Ko mutum ɗaya fim ɗinmu ya sa ya ajiye gora, ya ishe ni.

Ku fa, wane fim ne ya taɓa sauya muku hanya?