Ƙwayar da Ba Ta da Suna

Shekara takwas na yi ina sayar da magani a kasuwar Zuru, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mijina soja ne, rabin shekara yana can inda aka tura shi, ni kuma ba macen zama ba ce. Na samu tebur da laima, na ɗan koyi aikin wurin wani mai kemis, na zauna. Babban kayan aikina almakashi ne. Mutumin da ya gangaro daga kan dutse ba ya sayen kati guda na ƙwaya. Biyu zai ce, ko huɗu, sai in sa almakashi in yanka masa daidai ƙarfinsa.

A shekarun nan ne jami'an hukumar magunguna suka matsa wa kasuwanni. Sun zo mana da mota, suka kwashe kayan masu talla a faranti, suka tara mu a ƙarƙashin mangwaro suka yi ta bayani. Wai yankan da muke yi yana tafiya da sunan magani da ranar lalacewarsa. Muka gyaɗa kai kamar mutanen kirki. Motarsu ba ta kai bakin titi ba na zaro almakashina daga ƙarƙashin zani. A raina na ce, su da ke sayen kwali sukutum, ina suka san mai ƙwaya biyu?

Mutanenmu ba sa riƙe sunan magani. Abin da suke yi shi ne su rage ƙwaya ɗaya ta ƙarshe, su ƙulle ta a bakin zani, ran kasuwa su kwance su nuna maka. Ni kuwa ina alfahari da idona. Kallo ɗaya nake yi in miƙa hannu.

Wata ranar kasuwa da damina wata dattijuwa ta zo daga wajen Dirin Daji. Hausarta ta kasuwa ce, a gida yaren C'lela take yi. Ta kwance ƙullinta, ta ajiye mini ƙwaya fara ƙarama a cikin guntun katinta, ta ce, "Ɗiyata, ba ni irin wanga. Na maigidana."

Na juya guntun. Rabin harafi ne kawai ya rage a bayansa, kuma yankan nawa ne, don na san yadda nake karkatar da hannu. Ina da farare ƙanana iri biyu, na hawan jini da na ciwon suga. Na jera su kusa da tata, ban ga bambanci ba. Na tambaye ta me ke damun maigidan, ta ce jiri da kasala, da ya sha yana tashi. Wannan amsar ta shiga kowanne. Na san idan na ba mai hawan jini maganin suga ya sha ya fita gona da sassafe cikinsa wayam, a kunyar dawa za a tsince shi. Na janye hannuna, abin da ban taɓa yi a kan teburin nan ba.

Na ce mata ba zan sayar ba. Ta ɓata rai, ta tuna mini ni na ba ta da hannuna watan jiya, ta ce in kuɗinta ne na raina in faɗa. Maƙwabcin teburina har ya fara yi mata alama ta matso wurinsa. Na harare shi ya koma kan bencinsa. Da ƙyar na gano akwai katin asibiti a gidansu, a soke cikin jinkar ɗaki.

Na rufe tebur da tsakar rana, ranar da ciniki ya fi kyau, muka hau motar kasuwa muka ƙarasa da ƙafa. Tsohon yana zaune a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya yi ta mamakin mai magani ta biyo magani har gida. Katin ya sha hayaƙi amma yana karantuwa. Hawan jini ne. Hannuna kuwa, tun a kasuwa, na suga ya fara nufa.

Ban jefar da almakashi ba, don talaka bai daina sayen ƙwaya biyu ba. Na dai sayi littafin makaranta ina yagar takarda, in rubuta sunan magani da ranar lalacewarsa da manyan baƙaƙe, in naɗe ƙwayar a ciki. Abokan sana'a suka sa mini suna likitar laima, na amsa.

Da kaka tsohon ya zo kasuwa da ƙafarsa, ya cire hula ya zaro takardar da na naɗe masa magani a ciki, ta yi laushi don ninki. Bai iya karatu ba, a juye ma ya miƙo mini ita. Ya ce, "Ɗiyata, ba ni irin wanga." Na juya takardar daidai, na karanta, sannan na miƙa hannu.