Ɗibar Ƙasa daga Wurogauri zuwa Masama

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ban sa komai a cikina ba sai shayin da na kurɓa a tsaye. Mu huɗu ne a tsohuwar a-kori-kura: malaminmu na ilimin ƙasar noma, wata abokiyar karatuna, direba, sai ni. Gaba ba ta ɗaukar mutum huɗu, don haka aka bar mini baya, ni da ledoji da ƙarfen da muke murzawa cikin ƙasa don ɗebo samfuri. Aikinmu shi ne mu tattaro ƙasa daga gonakin Kalgo da Gwandu, mu kai ɗakin gwaji a ga abin da ya rage a cikinta. Da wannan aikin zan kammala karatu. Fita ta uku ke nan cikin wata ɗaya, kuma ana tsakiyar bazara.

Kalgo ba nisa, amma da muka bar kwalta muka nufi wata fadama kusa da Wurogauri, sai na san ina da ƙashin baya. Mun tarar da masu noman rani sun riga mu fita, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. Ina fara murza ƙarfena mutane suka kewaye ni. Wani ya tambaya ko zinari muke nema, wani ya ce a'a, man fetur ne, kuma in an samu a tuna gonar kawunsa ce. Da na ce ƙasa kawai muke so, sai suka dube ni da tausayi, suka koma aikinsu.

Mai gonar da muka shiga ya nuna mana wani gefe da shinkafa ta tsumbure, saman ƙasar ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ya ce kullum ƙara mata takin zamani yake yi, ita kuwa sai ƙara lalacewa. Malam ya lakato farin abin ya ɗanɗana, ya ce kanwa ce ke tasowa, domin ruwa na kwanciya ba shi da mafita, rana ta busar da shi ta bar gishirin a sama. Magudana gonar ke buƙata kafin taki. Na ga alamar buhunan da mutumin ya riga ya zuba ne suka faɗo masa a rai.

A bakin kasuwar Kalgo muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma. Ruwan ledar da muka saya kuwa, da akwai ganyen shayi a kusa da an haɗa. Daga nan muka kama hanyar Gwandu. Ba zan iya ba ku labarin hanyar sosai ba, domin na lulluɓe kaina da rawani saboda rana, abin da na sani kawai shi ne yawan ramukan da muka faɗa, da warin albasa daga wata mota da muka daɗe muna bin bayanta.

Bayan azahar muka isa Masama, inda wani dattijo ya tare mu tun a bakin masallaci. Ya ji labarin masu auna ƙasa za su zo, tun hantsi yake jira. Gonarsa ba ta cikin jerin da muka tsara, kuma ni a lokacin inuwa kawai nake nema, amma ya riƙe hannun malam bai saki ba, dole muka bi shi.

Gonar tudu ce mai faɗi, gadon mahaifinsa. Babban ɗansa, magidanci mai iyali, yana biye da mu. A hanya muka fahimci abin da ke tsakaninsu: masu ɗibar yashi da tifa sun taya gonar, ɗan yana son a sayar, uban ya ƙi. Ɗan bai ɓoye dalilinsa ba. Geron da suka samu bara bai kai su ko tsakiyar rani ba, ga bakuna da yawa a gida.

Na murza ƙarfe a wuri biyar. Ko'ina abin da ke fitowa ɗaya ne, jigawa fara mai zubewa ta tsakanin yatsu, ba danshi, ba ƙamshi. Sai a kusurwar gabas, kusa da wani gawo, ƙasar ta fito da duhu, tana dunƙulewa a hannu. Abokiyar karatuna ta tambayi dattijon abin da ya bambanta wurin. Ya ce nan ne wasu Fulani makiyaya suke sauka da shanunsu kowane rani tun zamanin mahaifinsa, suna cin kara, suna bar masa taki. Wata shekara shanun suka yi wa maƙwabci ɓarna, aka yi rigima har gaban hakimi, tun daga nan ba su sake dawowa ba.

Da muka gama ɗaure ledoji dattijon ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Ɗana, kai da ka taɓa ta da hannunka, hwaɗa mini gaskiya. Ƙasag ga ta mutu?"

Na dubi malam. Malam ya ce, "Baba, ba ma son mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba. A ba mu mako biyu, sakamakon gwaji zai fito."

Ɗan ya ce, "Malam, masu tifa ba su jiran mako biyu."

Dattijon ya aika aka kawo mana fura da nono, muka sha a gindin gawon, na karɓi lambar wayar ɗan, muka kama hanya. Ana kiran magariba muka shiga Birnin Kebbi. Na sauko da ƙyar, ƙafafuna sun kumbura, na kwana biyu ina tafiya kamar mai ɗauke da buhu.

Sakamakon bai fito ba sai bayan mako uku, saboda rashin wuta a ɗakin gwajin. Ya nuna abin da hannuna ya riga ya ji tun a gonar: ƙasar ba ta mutu ba, yunwa take ji. Da takin dabbobi, da barin kara a gona, da haɗa gero da wake, za ta farfaɗo cikin 'yan shekaru. Na kira nan take, ɗan ya miƙa wa uban waya, na karanta masa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai dai tifa ta shiga tun ran Talata, rabin gonar na yamma ya tahi. Wanda ya rage, mi zan fara sa mai?"

Na gaya masa dalla-dalla, yana maimaitawa bayana don kada ya manta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa auna ƙasa abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen mutumin da ke tsaye a kanta yana jiran amsa. An koya mana kada mu yi magana sai da hujja, kuma ban ce kuskure ba ne. Amma ranar nan a Masama na san amsar, tana cikin tafin hannuna, na yi shiru. Har yanzu ban gama yanke wa kaina hukunci a kan wannan shirun ba.