Baƙin Tabo a Ƙafar Baba Ƙarami

Ni likita ce, aikina ciwon daji ne, na fata da na ƙoda. Da na gama ƙwarewa na ce Kafanchan zan koma, abokan karatuna suka yi ta dariya, wai baƙar fata ba ta kamuwa da dajin fata, zan zauna ina korar ƙuda. Ko ƙuda ɗaya ban samu sukunin kora ba. Masu gyambon da ya ƙi ji da masu fitsarin jini sun cika min benci, yawancinsu kuma sai maganin gida ya gaza suke zuwa.

Wanda ya fi ƙona min rai daga gidanmu ya fito, a Kagoro. Ƙanin mahaifina, da muke kira Baba Ƙarami, baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, ya fashe, ya ƙi warkewa. Gonarsa tana iyaka da wadda Mama take nomawa tun rasuwar babanmu, sun kuma daɗe suna cacar baki a kan iyakar. Nan da nan dangi suka yanke hukunci: Mama ce ta binne masa abu ya taka. Aka daina cin abincinta. A zumuntar mata ta coci ba mai zama kusa da ita. Aka fara maganar ta bar gidan.

Ranar da suka taru da dattawan ikkilisiya, na je ba tare da an gayyace ni ba. Na durƙusa, na kwance tsumman da ke ƙafar Baba Ƙarami, na duba. Na sha ganin irinsa.

"Baba, kansa ne, ciwon daji. Ba wanda ya sa maka."

"Ke yarinya ne," in ji wani dattijo. "Wannan ba na asibiti ba. Mamanki ya san abin da ya yi."

"To Baba, waɗanda suke zuwa min da irinsa daga ko'ina, duk Mama ce ta bi gonakinsu?"

Na sa Baba Ƙarami a mota, yana zagina har Kafanchan. Gwaji ya tabbatar da abin da na faɗa. Aka yanke rabin ƙafar, ya rayu, yana dogara sanda. Sai dangi suka ce ai Mama ce ta tsorata ta sake shi. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba.

Na gyara wa Mama ɗaki a gidana, na tafi ɗaukarta. Na same ta a gona, daidai kan iyakar, tana tonon citta.

"Mama, ki tattara kayanki. Ya isa haka."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In na bi ki, na yarda na yi ke nan. Nan mijina ya bar ni, nan za su zo su binne ni da hannunsu. Miƙo min buhu."

Na miƙa mata. Na koma Kafanchan ni kaɗai, ina tuƙi ina kuka.